Mangwaron Cikin Bokitin Fenti

Akwai wani bawan Allah a Jalingo, sunansa Abdulsalam, jami'in sayayya ne a wani asibitin kuɗi. Daga allura har katifar majinyata, sai ya sa hannu ake sayowa. Manyan kaya ke bi ta hannunsa, amma albashinsa tun kafin tsakiyar wata yake yi masa sallama.

Mutumin nan akwai mafarkin ido biyu. A gidan hayarsu da ke unguwar Sarkin Dawaki ya jera dashen mangwaro cikin tsofaffin bokitan fenti. Kullum da yamma yana ba su ruwa, yana kallon duwatsu, yana gina gida a ransa: baranda a nan, rijiya a can, inuwa ko'ina.

Matarsa Kadijatu takan ce, "Baban Fadila, in ka gama ginin ka shigo, tuwo zai huce."

Dashen ya girma har saiwa ta fara fasa bokitai. Ko su samu ƙasa a daminar nan, ko su mutu.

Ana haka sai wani ɗan kwangila, Alhaji Maishanu, ya ɗauke shi a mota zuwa Iware, ya nuna masa wani fili shimfiɗaɗɗe.

"Naka ne, Oga. Kai dai ka karɓi katifun da na kawo."

Abdulsalam ya san katifun. Waje leda mai ƙyalli, ciki soson da zai lotse ya bar majinyaci a kan ƙarfe.

Ya duƙa ya damƙi ƙasar, baƙa mai sanyi. Wallahi ya so filin nan. Har ya ga inda kowane mangwaro zai tsaya, ya ga Fadila tana lilo a reshe. Can ya miƙe ya karkaɗe hannunsa.

"Alhaji, in na kwanta a inuwar nan, ciwon bayan mutane ba zai bar ni in yi barci ba."

Washegari ya loda bokitan a Keke Napep, ya dasa su a harabar asibitin, yana yi yana share ido.

Shekaru suka tafi. Ƙarin girma ya zo masa a hankali, albashi ya ɗan miƙe, har ya sayi wani ɗan fili a gefen gari, ya gina ɗan gida. Ranar da suka tare, sai ga Sista Rebeka, shugabar nas-nas, da Keke cike da bokitan fenti masu ɗauke da dashen mangwaro. Ashe ƙwallon mangwaron da majinyata ke sha take tsincewa tana shukawa.

"Oga, 'ya'yan itatuwanka ne. Mun kawo su gida."

Ya tsuguna ya hau haƙa. Kadijatu ta leƙo ta ce, "Baban Fadila, yi aikinka. Yau tuwon ya jira."

Darasi: Ƙaramin albashi ba hujjar cin amana ba ne. Abin da ka bari don Allah zai biyo ka har ƙofar gida. Tura wa wani ma'aikacin da haƙurinsa ya kusa ƙarewa.