Gudumar da Ke Jikin Bango

Akwai wani mai walda da ake wa laƙabi da Yanzu-Yanzu, don kafin ka gama bayani ya gama aiki. Sirrin ba wani abu ba ne. Sai ya ɗiga walda nan da can, ya cike sauran da foti, ƙullun nan na toshe rami, ya bi da fenti. Kyan ɗan maciji ke nan.

Tsohon da ya koya masa sana'ar kuwa ba ya sallamar aiki sai ya kankare dattin walda, ya buga guduma sau uku a kan haɗin, ya kasa kunne.

"Ƙarfen da ya kama, amsawa yake kamar ƙararrawa," in ji tsohon. "Wanda bai kama ba, tari yake yi."

"Baba, ƙarfe ai ba ya magana," Yanzu-Yanzu ya ce yana dariya.

Wata biyu da rasuwar tsohon, da rana tsaka, yana shi kaɗai a shago, ya sauke gilashin walda a fuska. Sai ya ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya ɗaga gilashin, ba kowa. Gudumar marigayin na rataye a ƙusarta tana ɗan lilo, alhali ko iska babu.

Kullum haka. Tsoro ya cika shi, amma girman kai ya hana shi gaya wa kowa.

Ranar nan ya je ganin 'yarsa a gidan hayar da suka koma. Suna cikin gaisawa ya ji bugun nan uku daga tsakar gida.

"Kin ji abin da na ji?"

"Ai ƙafar tankin ruwa ce, Baba. Haka take yi duk sanda aka cika shi."

Ya leƙa. Ya gane fentin, ya gane hannunsa. Aikinsa ne na shekara uku baya. A inuwar tankin kuma jikarsa ce zaune, tana jera murafen kwalba.

Bai san sanda ya sure ta ba. Taku huɗu ya yi, ƙafar ta ɓalle, tankin ya faɗo daidai inda take zaune, ruwa ya kwashe su.

Da ya duba haɗin da ya rabu, ɗigo biyu ne kacal, sauran foti da tsatsa. Ya zauna cikin ruwan yana kuka, yarinyar na share masa fuska.

Washegari ya sauko da gudumar, ya bi gida-gida duk inda ya taɓa yin aiki, yana buga haɗin yana gyarawa. Tun ranar bai sake jin bugun ba sai wanda ya yi da hannunsa.

Darasi: Fenti yana rufe ha'inci, amma ba ya ɗaukar nauyi. Ka inganta aikinka, don ba ka san wanda zai zauna a ƙarƙashinsa ba. Ku tura wa duk mai sana'ar hannu da kuka sani.