Malam Kurege da Takarda ta Uku

Ga wata nan ta iso, ku matso ku tarbe ta.

Can cikin dawa, a gindin wata tsohuwar kuka, namun daji suka kafa makarantar koyon kasuwanci. Zaki ne shugaba. Giwa farfesa ce a fannin sarin hatsi. Kura kuwa dakta ce a harkar fawa, ko da yake duk naman da aka ba ta don ta yi bincike a kansa ba a ƙara jin ɗuriyarsa. Cikin malaman har da Kurege, ɗan mitsitsi, daga wutsiya sai baki. Ba son ilimi ne ya kawo shi ba, akushi ne. Kullum da azahar ana sauke wa malamai tuwo da miyar taushe, kuma wannan darasin kaɗai ne Malam Kurege bai taɓa makara ba.

Ran nan Zaki ya tara malamai, ya murtuke fuska. Ya ce, "Na gaji da ciyar da 'yan surutu. Duk wanda sunansa bai fito a takardun bincike uku a mujallar makaranta ba kafin a girbe gero, a kife akushinsa, ya kama gabansa."

Wannan doka kuwa Kurege ta fi shafa. Shekararsa bakwai a makarantar, ko layi ɗaya bai taɓa rubutawa ba. Amma sai ya kaɗa wutsiya ya ce, "Uku kacal, ranka ya daɗe? Ni ne fa Kurege, mai bincike ido rufe! Ai na zaci talatin za ka ce."

To, ga yadda ake buga takarda a makarantar nan. In malami ya gama rubutu, sai a yanke wurin sunansa a jefa cikin gora, Zaki ya toshe ya rataye. Takardar kuma a tura ta ƙarƙashin wata zana, inda mai dubawa yake zaune ba a ganinsa. Shi bai san mai rubutu ba, sai dai ya karanta ya ɗaga murya ya yanke hukunci. Mai dubawar nan tsoho Kunkuru ne, wanda takarda kan yi damina biyu a hannunsa kafin ya kai shafi na uku.

Kurege ya zagaya ya same shi, ya durƙusa. "Baba Kunkuru, albishirinka! Ana taron manyan masana a hayin kogi, an ce ba za a buɗe ba sai ka iso. In ka kama hanya yau, ka isa baɗi war haka."

Kunkuru ya ji daɗi har ya yi ƙwalla. Ya kama hanya. Kurege ya samo tsohuwar ƙwarya, ya zane bayanta da gawayi, ya kifa a kansa, ya shige bayan zana ya yi luf.

Da gari ya waye aka turo takarda, faɗinta ya kai tabarma, duk a kan cinikin gyaɗa. Ko makaho ya shafa ya san ta Giwa ce. Kurege ya yi tari irin na tsofaffi, ya ja murya.

"Uhum. Aikin ba laifi. Amma ya za a yi in yarda da bincike a kan gyaɗar da ban ɗanɗana ba? Mai takarda ya kawo buhu guda a tabbatar. Sannan na ga babu ra'ayin ƙananan halittu a ciki. A nemi Malam Kurege, wannan gogan masani, a haɗa sunansa."

Giwa ta yi mamakin yadda Baba ya yi sauri bana, amma murna ta hana ta tambaya. Ta kawo buhu. Duk yinin ranar ba abin da ake ji a bayan zana sai ƙarmas-ƙarmas, malamai na wucewa a kan yatsu suna cewa kada a dami tsoho, yana nazari.

Da gari ya waye takardar Kura ta shigo, ta biyunta ke nan, a kan ribar kilishi. Aka nemi kilishi faifai uku don tabbatarwa, aka kuma nemi a haɗa sunan gogan masani. Kura ta kawo tana hawaye, don ba ta taɓa rabuwa da nama da ranta ba. Kurege ya tashi da takardu biyu da ƙaton tumbi, har ƙwaryar ta fara yi masa kaɗan.

Saura ɗaya, ga gero ya soma nuna, kuma ba wanda ya sake turo komai. Kurege ya cire ƙwarya ya tafi gidan Kura.

"Yaya Kura, ke ma biyu gare ki, ni ma biyu. Ki rubuto wata ki sa sunayenmu. Ni da Baba Kunkuru kamar ɗa da uba muke. Ki ɗiga kitse a kusurwar takardar, in gaya masa alamar, ko me kika rubuta zai wuce."

Kura ta ce, "Kai ba za ka karanta ba?"

"In karanta? Ni da nake jin ƙamshin ilimi daga nesa? Ke dai kada ki manta da kitse."

Ita kuwa Kura malalaciya ce ta ƙin ƙarawa. Ta ɗauko takardar Giwa ta kwafe tsaf, duk inda aka ce gyaɗa ta sa kifi, don kada a gano sawunta. Da ta gama sai tsoro ya kama ta, ta ce a ranta gara ta nemi ta ukunta a wani wuri. Ta rubuta sunan Kurege shi kaɗai. Kitse kam ta ɗiga, ba ta saɓa alkawari ba. Amma hanya da nisa, ga ƙamshi yana ta dukan hancinta. Ta ce bari ta ɗan lasa gefe. Kafin ta isa gindin kuka, kusurwar nan ta fi sauran takardar tsabta.

Da gari ya waye Zaki da kansa ya zo gaban zana da dukan malamai, saboda labari ya iske shi cewa Kunkuru ya zama mai zafin nama, yana so ya gani. Aka turo takarda. Kurege ya shinshina kusurwa huɗu, babu kitse. Ya ga maganar kifi ce, ya ce a ransa ta Zalɓe ce, wani malami mai dogon wuya da ba sa ga maciji da juna. Daɗi ya kama shi. Ga abokin gaba a hannu, ga shugaba na sauraro.

Ya ja murya ya ce, "Allah ya ba ka nasara, shekarata ɗari ina duba takardu, ban taɓa ganin abin kunya irin wannan ba. Ku saurara. Wai ana shuka kifi da ruwan farko, a tone shi da kaka, a shanya, a matse mai, a yi ƙuli-ƙuli da tunkuzar!"

Wuri ya kaure da dariya. Giwa ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ce, "Kai! Wannan ai maganata ce."

"Taki ce, ranki ya daɗe, harafi da harafi. Ɓarawo ne, kuma ɓarawon ma dolo. Irin waɗannan ne ke cinye tuwon makaranta a banza."

Zaki ya ce, "Baba, mene ne hukuncinsa?"

Da Kurege ya tsaya nan, da ya fi masa. Amma yabo giya ne a wurinsa, kuma ya riga ya bugu. Ya ce, "A kife akushinsa yau ɗin nan. A ba shi bulala goma sha biyu da tsumagiyar tsamiya, kuma Farfesa Giwa ce za ta yi dukan da hannunta. In ya yi kuka a sake daga farko."

Zaki ya ce hukunci ya yi. Ya sauko da gora, ya cire toshiya, ya zazzago 'yar takarda, ya karanta da ƙarfi: "Malam Kurege."

Sai aka ji wata siririyar murya ta tsage daga bayan zana, babu tari babu tsufa: "Ƙarya ne! Wallahi ban rubuta ko harafi ɗaya ba! Ko karanta ta ban taɓa yi ba sai yanzu! Ke Kura, ina kitsen?"

Kura ta sunkuyar da kai tana lasar baki. Giwa ta miƙa hannu ta yaye zana. Ga ƙwarya a kife a tsakiyar tulin ɓawon gyaɗa, ga wutsiya buzu-buzu ta leƙo ta baya tana rawa.

Zaki ya ce, "Malam, wanne za mu kama? In kai ka rubuta, kai ɓarawo ne. In ba kai ka rubuta ba, me sunanka ke yi a gorata?"

Kurege ya ƙara ƙudundunewa a ƙarƙashin ƙwarya. Giwa ta karyo tsumagiya. Ta farko ta fasa ƙwarya. Ta biyu ta sa shi kiran sunan kakarsa. Kura, don ta wanke kanta, ta ce, "Ya yi kuka, a sake daga farko!" A ta huɗu ya sulale ta tsakanin ƙafafun Giwa, ya bar mata rabin gashin wutsiya, ya ranta a na kare.

Sai da ya hau kan wani suri mai nisa ya waiwayo. Daga nan yana hango ana sauke tuwon azahar, yana kuma hango akushinsa a kife. Abin ya yi masa ciwo fiye da bulalar, har ya haɗiyi yawu. Amma ya shafa bayansa, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ku dai faɗi gaskiya! Tun da aka kafa makarantar nan, wane mai dubawa ne ya taɓa kama ɓarawo ya hukunta shi ba sani ba sabo, in ba ni ba?"

Malamai kuwa kowa bakinsa cike da tuwo.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan wutsiyar Kurege.