Maƙwabcin da Ba a Gaida Shi

Dalilin da ya sa kuke ganin ƙofar ƙarfe a bakin tsohon ramin kuza na bayan gari, ku matso ku ji shi.

A da, Jemage a rufin zauren mai unguwa Cindo yake zaune. Duk damina shi ke cinye wa gari sauro har ya yi taiɓa, sanyi na shigowa sai ya kwanta barcin wata uku da kitsen da ya tara. To amma wa ya ga barci a zaure? Ga masu shari'a, ga masu hira. Da mahaƙa suka watse suka bar raminsu, sai ya tattara iyalinsa ya koma can.

Cindo kuwa mutum ne mai zumunci har ya yi yawa. Ya tara jama'a ya ce, "Wanda ya raba mu da sauro a bar shi a rami ba gaisuwa? Abin kunya ne!"

Aka sa layi. Kullum da safe sai wani ya leƙa ya kwaɗa sallama: "Malam Jemage, an tashi lafiya? Ya sanyi? Ya iyali? Ya baƙunta?"

Jemage ya buɗe ido da ƙyar ya amsa, don ba a ƙin amsa gaisuwa. Kowace farkawa kuwa sai ta ci masa kitse. Ranar da bai amsa da wuri ba, Cindo ya ɗauka rasuwa aka yi, ya zo da mutum ashirin ta'aziyya.

Ruwan farko ya sauka, Jemage ya fito ƙashi da fata, ko tashi ba ya iyawa. Sauro ya samu gari babu mai gadi. Cindo ya sha cizo har matarsa ta kasa gane shi.

Ya rarrafa bakin rami cikin nadama ya ce, "Malam, me muka yi maka?"

"Ranka ya daɗe, kirkinku ne zai kashe ni. Don Allah ku rage."

Cindo ya san halin mutanensa, ya kuma san nasa. Ya sa maƙeri ya ƙera ƙofa mai sanduna, tsakaninsu ya ishi Jemage wucewa, amma kan mai gaisuwa ba ya shiga. Da kan Cindo aka gwada.

Shi ya sa har yau jemagu ke barcinsu a tsofaffin ramuka lokacin sanyi, mu kuma mu wuce sumul, gaisuwar na cin mu a baki.