Mai Zaman Ƙofar Rumbu

Akwai wani manomi da ya haɗa kan mutanen ƙauyensu suka gina rumbun iri na kowa da kowa. Duk mai bukata ya zo ya ɗiba kyauta, ko daga wane gari yake. In ya girbe, sai ya dawo da kaɗan daga mafi kyau. Gonar da ke cika rumbun kuwa da gayya ake noma ta.

Akwai kuma wata mata, Damaris, wadda ciwon baya ya raba ta da fartanya. Ita ce ke zama a ƙofar rumbun. In baƙo ya zo, takan ba shi ruwa, ta tambaye shi yaushe damina ke ɗaukewa a wajensu, sa'an nan ta nuna masa wanne ne gero mai saurin nuna, wanne ne maiwa mai son doguwar damina, gama a tafin hannu kusan kamarsu ɗaya.

Da kaka ta yi aka dafa tuwon godiya. Manomin nan mutumin kirki ne, amma in bai ga kantar fartanya a hannunka ba, a wurinsa ba ka yi kome ba. Ya ce, "Tabarmar nan ta waɗanda suka riƙe fartanya ce." Damaris kuwa ta riga ta zauna. Ta tashi da kunya ta tafi gida, ba ta ƙara zuwa ƙofar rumbun ba.

Da lokacin shuka ya zo, baƙi suka ɗibi iri da kansu. Waɗansu daga arewa suka kwashi maiwa suna tsammani gero ne. Ruwa ya ɗauke musu tun ba ta yi kai ba, suka sha yunwa. Magana ta bazu cewa irin rumbun nan ba shi da kyau, mutane suka ɗauke ƙafa.

Manomin ya ce ba zai bar rumbun ya mutu ba. Ya ƙara faɗin gona, ya ƙara kiran gayya. Rumbu ya cika, babu mai ɗiba. Sai ya zauna a ƙofar da kansa. Baƙon farko ya yi ta maimaita tambaya ɗaya, har manomin ya fusata ya ce, "Ba ga shi nan ba? Ɗiba mana." Mutumin ya juya hannu wofi.

Manomin ya tafi gidan Damaris, ya durƙusa ya ce, "Mama, ki gafarce ni. Na zaci zama kawai kike yi."

Ta ce, "Zama nake yi mana. Ai na ji kai ma ka gwada. Zan dawo, amma sai mun fara kai hatsi wurin waɗanda suka sha yunwa saboda mu." Washegari suka ɗaura wa jakuna kaya.

Ma'anar wannan misali ita ce: rumbun nan shi ne duk aikin da muke yi tare domin amfanin kowa. Ku matasanmu masu haɗa manhajar waya da kwamfuta ta kyauta, wadda kowa zai iya ɗauka ya gyara, da ku nake musamman. Masu rubuta ta su ne masu fartanya, Allah ya ƙara musu ƙarfi. Amma wadda ta fassara ta zuwa Hausa fa? Wanda ya gwada ta a tsohuwar wayarsa ya ce ta tsaya? Wadda ke amsa wa sababbi tambayar da ta amsa jiya, ba tare da tsaki ba? Raina yana ɓaci in na ga ana godiya an tsallake su. Ubangiji ba ya tsallake su. Kowannenku ya san wata Damaris. Kada makon nan ya wuce ba ku je kun same ta ba, tun kafin ta tashi daga ƙofar.