Muryar Constance a Wayar Wahab

Akwai wani bawan Allah a garin Lanham, nan ƙetare inda muke ci-rani, injiniya Misbahu, wanda ya yi karatu a Landan. Shekarar ta ƙwace mini, ko 2011 ce ko ta gaba da ita. Tsufa ke nan, ku yi mini uzuri.

Misbahu yana da ra'ayi a kan Turancin mutanen Birtaniya. Na Landan, in ji shi, zuma ne. Na Sikotlan ana iya jurewa. Amma na Birmingham ya tsane shi, kuma ya iya kwaikwayonsa har mutane su riƙe ciki.

Duk safiyar Asabar akan taru a shagon askin Almu a kalli ƙwallon Ingila. Cikin masu zuwa akwai Wahab, mutumin Kumasi, mai aikin kula da tsofaffi. Takardar izinin zamansa a ƙasar ta kusa fitowa, kuma lauyansa ya ja masa kunne cewa faɗa ɗaya ya isa a mayar da shi gida.

Wata Asabar, da aka tafi hutun rabin lokaci, Wahab ya koma gefe ya kunna wani tsohon saƙon murya. Mace ce, tana cewa ya taho da madara in zai dawo.

Kunnen Misbahu ya kama.

"Wannan ai Birmingham ce tsantsa. Mutumin Kumasi, ina ka samo mai mura?"

"Malam Misbahu, bar wannan maganar," in ji Wahab.

Misbahu ya miƙe, ya toshe hanci, ya maimaita maganar madarar da muryar mata. Shago ya kwashe da dariya.

Almu ya kashe injin aski. "Injiniya, ya isa haka."

Bai ji ba. Ya sake, har da rangwaɗa.

Wahab ya ɗaga kujerar ƙarfe ya sauke masa a fuska. Misbahu ya faɗa kan madubi, madubin ya tarwatse. Wahab ya ƙara masa na biyu yana kwance. Haƙora uku a ƙasa, jini har kan tawul ɗin Almu. Sai da mutum huɗu suka danne Wahab, yana kuka kamar shi aka doka. Maƙwabta suka kira 'yan sanda, suka tafi da shi.

A asibiti aka ɗaure muƙamuƙin Misbahu da waya, don ya karye gida biyu. Almu ya je dubiya, ya zauna a bakin gado.

Ya ce, "Matar Wahab ce ka kwaikwaya, Constance. Bara ta rasu a Birmingham. Abin da ya rage masa na muryarta ke nan."

Misbahu ya nemi takarda, ya rubuta: "Na yafe. A sake shi."

Dattawa suka ɗauki takardar zuwa kotu a Upper Marlboro, da tunanin za a yi sulhu kamar yadda muke yi a gida. Ina cikinsu, in ban manta ba. Lauyan gwamnati ya karanta, ya miƙo mana abinmu. Ya ce ƙarar ba ta Misbahu ba ce, ta hukuma ce.

Wahab ya yi zaman kurkuku, daga can aka sa shi a jirgin Accra.

Darasi: Kowace murya da kake yi wa dariya, akwai wanda zai ba da duk abin da ya mallaka ya sake jin ta. In an ce maka ka bari, ka bari. Kai kuma mai fushi, hannu ya fi yafiya sauri. Ku tura wa 'yan'uwa, Allah Ya tsare mana harsunanmu da hannayenmu.