Ranar da Kat-kat Ta Bi Bayan Takarkari

Akwai wani direba a Mayahi ana ce masa Mai Nasara. A shekarar farin tamanin da huɗu, lokacin mulkin soja, shi ke tuƙa wata ƙatuwar mota kat-kat mai buɗaɗɗen baya, irin wadda aka ƙera don ɗaukar kaya da jan abin da ya kafe. Jar dawar taimako yake kwasa daga Mayahi zuwa ƙauyukan Tchake.

Motar kam mota ce, ba a musu. Ta taɓa fizgo babbar mota daga cikin rairayi a gaban jama'a, kuma tun ranar kan Mai Nasara ya ƙi komawa daidai. In ya shigo gari ba ya sallama da baki, da oda yake yi. Jaki, raƙumi, tsohuwa mai itace a ka, duk ɗaya ne a wurinsa, ya danna oda ya bar su da tsalle. In ya sauka kuwa sai ya shafa gaban motar kamar mai lallashin amarya.

A kan hanyarsa akwai wata rijiya mai zurfin gaske. Ita kaɗai ta rage da ruwa a wannan yankin. Mazan ƙauyen duk sun tafi Najeriya neman abinci, an bar mata da tsofaffi. Wani Bafulatani mai suna Bube shi ke ɗebo wa kowa ruwa, da takarkarinsa baƙi, Baleri, wanda shi kaɗai fari ya bar masa cikin garke guda.

Ga wanda bai san irin wannan rijiya ba, ba a janta da hannu. Ana ɗora igiya kan gungumen bakin rijiya, a ɗaura wa sa, ya miƙe da ita a kan hanyarsa har wasaki, wato babban gugan fata, ya iso sama. Shekara da shekaru Baleri na bin wannan hanya, har ƙafafunsa suka yi mata kwari. Kuma kowa ya san ba a ƙetare igiya in tana ɗauke da ruwa. Ko sarki ne sai ya jira.

Wata rana Mai Nasara ya iso, igiya na miƙe a gabansa, Baleri na tafe yana layi don yunwa. Bube ya ɗaga masa hannu ya dakata.

"Ni zan jira wanga kwarangwal?" in ji Mai Nasara. Ya danna oda bai ɗaga hannu ba.

Baleri ya firgita ya yi gefe, ya faɗi a kan kafaɗarsa. Igiya ta kwance ta zuba a guje, wasaki da ruwansa suka koma ƙasan rijiya. Mai Nasara ya taka ya wuce yana dariya. Bube ya durƙusa yana shafa wuyan sansa.

Kashegari da hantsi ya sake biyo hanyar da sabon lodi. Tun daga nesa ya hango mata sun yi cincirindo a bakin rijiya, ga wata mace tsaye ƙiƙam a tsakiyar hanya. Ya yi oda, ko gezau. Sai da gaban motar ya kusa taɓa zanenta ya taka birki.

Sa'a ce, matar Bube.

"Ke, kin gaji da duniya ne?" ya daka mata tsawa.

"Maigidana shina cikin rijiya," ta ce. "Ya shiga ɗauko wasakin da ka jefa jiya. Gefen rijiya ya zube mashi, ƙasa ta kama shi har ƙugu. Baleri ya kasa ja, kafaɗarshi ta ƙi. Mu kuma dubi hannuwanmu."

Ta buɗe tafukanta. Igiya ta saɓule fatar, jini ya cakuɗe da yashi. Tun safe matan ke jan ƙasar da Bube ke cikawa a wasaki, amma abin da ke zubo masa ya fi abin da suke fitarwa, kuma babu wadda ta karya kumallo a cikinsu.

"Kwamanda ya ce duk wanda ya tsaya da hatsi bisa hanya ɓarawo ne," in ji Mai Nasara. "Ba ni shiga gidan kaso don wani. Kauce."

Gaskiya ne kwamandan sojan da ke kula da rabon hatsin ya faɗi haka, kuma a zamanin ba a wasa da maganar soja. Amma ni dai na san ba tsoro ne ya sa ya faɗa ba, rainin wayo ne.

Sai wani tsoho mai suna Maman Sani, wanda ke duƙe a bakin rijiya yana sauraron Bube, ya ɗago kai. Ya daɗe da sanin halin mutumin.

"Sa'a, ƙyale shi ya tahi," ya ce. "Jiƙaƙƙen yashi daga wagga rijiya ba aikin mota ba ne. Sai sa."

Mai Nasara ya kashe mota ya diro.

"Baba, mi ka ce? Wagga motar?"

Nan da nan ya juya ta, ya kawo bayanta kan hanyar Baleri, ya ɗaura igiya a ƙugiyar ja. Maman Sani ya leƙa ya kira Bube, Bube ya girgiza igiya, alamar wasaki ya cika.

"Sannu-sannu, ɗana," in ji tsohon. "In na ɗaga hannu ka tsaya."

Ina Mai Nasara ya tsaya ji. Ya sa giya ya taka, yana so ya nuna musu. Igiya ta yi ƙara a kan gungume har hayaƙi ya tashi. Maman Sani ya ɗaga hannu, mata suka yi kururuwa, amma ƙugin inji ya danne komai. Wasaki ya fito a guje ya daki gungume ya kife. Yashin duka ya koma inda ya fito, a kan mutumin da ke ƙasa.

Da ya kashe mota ya waiwayo, babu mai motsi.

"Bube!" Maman Sani ya kira cikin rijiya. "Bube!"

Shiru. Sai ƙarar yashi da ke ci gaba da zuba can ƙasa.

Sa'a ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙasa daɓas, ta zuba wa Mai Nasara ido. Shi kuwa ya dafa motar. A karon farko a rayuwarsa ya ji tsoro na gaske, domin ya san in mutumin nan ya mutu, shi ya kashe shi, jiya da oda, yau da ƙafarsa.

Aka sake zura igiya da wasaki. Maman Sani ya riƙe ta da yatsu biyu, ya rufe ido. Aka jira. Wata tsohuwa ta fara salati a hankali.

Can sai igiyar ta motsa kaɗan.

"Shina da rai," in ji tsohon. Ya kasa kunne. "Ya ce ƙasa ta kai mashi ƙirji. Hannu guda ya rage mashi a waje."

Mai Nasara ya matso, ya cire hularsa. Muryar da ya yi magana da ita ba wanda ya taɓa jin ta a bakinsa.

"Baba, gaya mani yadda zan yi. In ina cikin mota ba ni jin ku, kuma ban san inda igiya ke ƙarewa ba."

Sa'a ce ta tashi, ta nufi gindin aduwa inda Baleri ke kwance. Ta yi masa magana da Fulatanci a kunne, ta ja shi, ta lallashe shi, har ya miƙe yana ɗingishi. Ta kawo shi ta tsayar a gaban motar.

"Ba ya iya ja, amma shina iya tahiya," ta ce. "Shi ya san tsawon rijiyar ga. Ka bi bayanshi. In ya taka ka taka, in ya tsaya ka tsaya. In ka taɓa odar nan, Allah ya isa."

Haka aka yi. Motar da ta fizgo babbar mota daga rairayi ta sa hanci a bayan ramammen sa, tana rarrafe. Baleri ya ɗaga ƙafa, ya ajiye, ya huta, ya sake ɗagawa. Mai Nasara na riƙe da sitiyari, idonsa a kan wutsiyar san. Zufa ta jiƙa masa riga sharkaf.

Da suka kai ƙarshen hanya, Baleri ya tsaya da kansa, inda ya saba tsayawa. Mai Nasara ya taka birki. Tun da san yana gaba ne, wasaki ya tsaya ƙasa da gungume da tsawon mota, mata suka kama suka ƙarasa da hannu, suka zubar da yashin nesa da baki.

Aka koma. Aka sake. Aka kuma sakewa.

Rana ta take, inji ya ɗau zafi har murfin ya fara turiri. Mai Nasara ya juye ruwan shansa duka a ciki. Duk dawowa Baleri na ƙara jinkiri, duk dawowa Maman Sani na faɗin inda ƙasa take. Ta sauka zuwa cikinsa. Ta sauka ƙugu. Sai gefen ya sake zubowa, ta koma har cikinsa. Sau da yawa zuciyar Mai Nasara ta ce masa ya ɗan ƙara wuta, lokaci na tafiya, sai ya tuna ƙarar wasaki a kan gungume, ya danne ƙafarsa.

Wajen la'asar tsohon ya ɗago da sauri.

"Ya zare ƙahwahunshi, ya ɗaure igiya a hammata. Amma gefen na tsagewa. Yanzu ko ba yanzu ba."

Baleri na durƙushe a kan gwiwa. Sa'a ta ja, bai tashi ba. Ta faɗi sunansa, ta faɗi sunan Bube a kunnensa. Mai Nasara na kallo ta gilashi, hannunsa kusa da oda, kuma ya san in ya danna san zai zabura. Ya janye hannun ya sa a ƙarƙashin cinyarsa.

Baleri ya yunƙura ya tashi.

Wannan tafiyar ta fi duk sauran tsawo. Yanzu ba yashi ke rataye a igiya ba, mutum ne. Daga cikin rijiya aka ji wani gum, ƙasa ta rufta inda Bube yake tsaye ɗazu. Mata suka yi ihu a ƙara sauri. Mai Nasara ya ji su sarai, ya ci gaba da bin san taku bayan taku, hawaye na zubo masa.

Baleri ya kai wurinsa ya tsaya. Motar ta tsaya. Mata suka rungumi igiya, Maman Sani ya miƙa hannu ya cafko wuyan rigar Bube, aka mirgino shi waje. Yashi ya rufe shi fari fat, ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, amma yana numfashi.

Aka ɗiga masa ruwa a baki. Da ya samu murya, bai tambayi wanda ya jawo shi ba.

"An ba Baleri ruwa?" ya ce.

A can ƙarshen hanya, a gaban motar, san ya kwanta a gefensa, wuyansa a miƙe. Maman Sani ya riga ya nufi wurin da wuƙa don kada ya tafi mushe.

Mai Nasara ya zo ya durƙusa gaban Bube, ya kasa haɗa ido da shi.

"Ni na kashe maka shi," ya ce. "Ka yahe mani."

Bube ya daɗe yana kallon inda san yake.

"Na yahe," ya ce. "Amma gobe wa za ya ɗebo ma mutanen ga ruwa?"

Da ya isa Tchake da dawar a makare, kwamanda bai saurari dogon bayani ba, ya sa aka rufe shi kwanaki. Ranar da aka sake shi, kafin ya je gida, ya buɗe gaban motar ya tsinke wayar oda da hannunsa.

Daga nan har ruwan sama ya sauka, kullum da sassafe kafin ya ɗauki lodi, sai ya biya ta rijiyar, wadda tsofaffi suka yashe suka gyara da taimakonsa. Ya ɗaura igiya a ƙugiyar motar, ya ja wa ƙauyen ruwan yini. An kafa turke a inda Baleri ya kwanta. Nan yake taka birki, kuma bai taɓa wuce shi ba.

Darasi: Ƙarfin da ba shi da haƙuri ɓarna yake yi, ko da niyyar taimako ya zo. Kada abin da Allah ya damƙa maka ya sa ka raina mai rauni, domin ranar da rai zai rataya a hannunka, wataƙila a bayansa za ka bi kafin ka yi daidai. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa, musamman direbobinmu, ko Allah zai sa wani ya ɗaga hannu daga kan oda.