Gurbin Ɗinyar Marka

A zamanin da, tun kafin fatake su san hanyar yamma, an yi wani maharbi mai suna Jatau, wanda ake yi wa kirari: kibiya ɗaya nama ɗaya, mai shan ruwa inda ɓauna ta sha. Fari ya kore shi daga ƙasarsu, shi da matarsa Marka. Suka yi tafiyar kwana goma sha tara, suka sauka a gindin wani dutse inda babu komai sai sabara da geza.

Nama bai yanke musu ba, amma Marka sai rama take. Gidan uwarta take tunawa, inda in ka miƙa hannun dama ka tsinko tsamiya, na hagu kanya, ga ɗinya a bakin ƙofa tana zubo 'ya'ya baƙi ƙirin.

"Maigida," ta ce, "in kana so in zauna a dajin nan, duk fitar da za ka yi kar ka shigo mini sai da irin itace a kwarinka. Kuma ban da wanda ka taɓa kawowa."

Jatau ya yi dariya. "Ke dai, Marka, ba a cin ribarki."

Haka aka yi. Ya kawo kalwar ɗorawa, ƙwallon kaɗanya, kuka, aduwa, goruba. Gawo kuwa a gona Marka ta sa shi, don da damina yake kaɗe ganye, ba ya tare wa gero rana. An ce duk abin da ta binne da hannunta, kwana uku ya tsiro, ko da rani tsaka. Ɗinya kaɗai ta gagara, babu ita a dajin. Jatau ya ce zai koma har gidan uwarta ya ɗauko.

"Haƙa gurbi a bakin ƙofa. Kafin gero ya fid da kai na dawo."

Ta haƙa. Gero ya fid da kai sau ashirin da biyu, ba Jatau.

Baƙi suka ga inuwa, suka fara zuwa neman wurin zama. Marka ta kafa sharaɗi: kowane gida itace iri bakwai, ba ragi. Wani mai suna Nagoma ya zo mata da tumaki biyu.

"Inna, ɗorawa ce mai amfani, ita ke ba da daddawa. Bar ni in cika gidana da ita."

"Riƙe tumakinka. Bakwai na ce."

Ya yi fushi, ya ƙetare rafi, ya shuka ɗorawarsa. Shekarar da fara ta cinye gero, tsutsa kuma ta lalata furen ɗorawa, sai ga shi da ƙwarya. Mutanen Marka kuwa suna kaɗa kuka, suna tsotson aduwa, suna gwaguyar goruba. Ta cika masa ƙwarya, amma sai da ya haƙa gurbi shida tukuna.

Mata sun sha yi mata tayin irin ɗinya daga garuruwansu. Sai ta ce, "Wannan gurbin da mai shi." Kullum da safe takan juye masa ruwa rabin tulu, alhali babu komai a ciki.

Ta tsufa tukuf, sai wani baƙon maharbi ya zo da kwari da ya tsinta a gindin wata ɗinya tilo, tafiyar kwana uku daga garin. Gara ba ta taɓa shi ba. Marka ta shafa ɗinkin bakinsa, ta gane hannunta: kwarin Jatau ne. A ciki akwai ƙwallon ɗinya ɗaya, busasshe.

Ta juya ƙwallon a tafin hannunta. "Kwana uku," ta ce. "Ashe yana hanya."

Ta binne shi a gurbin, ya tsiro. Ba ta ga 'ya'yansa ba.

Har yau a garin, wanda ake kira Ɗinyar Marka, amarya ba ta tarewa sai da irin itacen da babu shi a gidan mijin. Kuma in namiji ya yi tafiya, matarsa takan haƙa gurbi a bakin ƙofa, ta riƙa ba shi ruwa. Ba mai tambayarta me ta shuka.